Jirgin Tayoyinmu a Kwarin Aƙiƙ

Ranar wata Alhamis ce da hantsi a lokacin sanyi, shekarar da nake aji biyar na firamare a Madina. Ina zaune a rufin benenmu na unguwar Aƙiƙ, ina karatu a tsakanin igiyoyin shanya, sai na ji wani rugugi daga kudu kamar manyan motoci sun jero. Sama kuwa tas take, ko ɗigon ruwa bai sauka a kanmu ba. Can yaran lungu suka ɗauki ihu, "Sel! Sel ya zo!" Haka ake kiran ambaliyar da ke gangarowa daga duwatsu ta cika kwarin Aƙiƙ, wanda kusan kullum a bushe yake. Mutanen gari murna suke yi da ita, a ɗauki shayi da shimfiɗa a fita kallo. Ni kuwa gabana ne ya faɗi, domin na san abin da ke ɓoye a bayan tankin ruwanmu.

A wani littafi na ɗakin karatun makarantarmu na ga hoton wasu mutane cikin jirgin roba, sanye da hular kwano da rigar ruwa, suna gangarowa wani kogi mai kumfa a tsakanin tsaunuka. Na nuna wa yayana Sani don kawai ya ga hoton. Shi kuwa ya zuba masa ido ya ce, "Mu ma ai muna da kogi, ruwa ne kawai babu." Babanmu faci yake yi a wani shagon tayoyi a unguwar Sultana, saboda haka tsofaffin tub, wato robar cikin taya, na manyan motoci ba su yi wa Yaya wuyar samu ba. Ya ɗauko guda uku, ya ɗaure su a ƙarƙashin wani tsohon ƙyaure, muka ɓoye jirgin a bayan tankin. Ni aka ba duba iska. Idan na dawo daga sayo burodi da wake da safe, sai in hau sama da ruwan sabulu in bi kowane tub a hankali ina neman inda kumfa zai taso. Na dinga tara gorunan ruwa ina cusawa cikin buhun shinkafa, na ɗinke da zaren Umma, wai rigar ruwanmu ke nan. Ruwa mafi zurfi da na taɓa shiga a lokacin shi ne na bahon wanki.

Littafin ya ce kada mutum ya hau kogin da bai sani ba. Mu kuwa sai muka ga mun fi kowa sa'a, tunda namu kogin ana iya taka ƙasansa da ƙafa. Da la'asar, yara na buga ƙwallo a cikin yashin kwarin, mu muna tafe muna zaɓar hanya. Muka guji wajen gada saboda ƙarafa, muka zaɓi wani wuri mai faɗi inda wata bishiyar ƙaya ta tsaya ita kaɗai a tsakiya. Na haddace duwatsun wajen kamar yadda nake haddace darasi: baƙin nan mai kama da raƙumi a durƙushe, da tagwayen da za a bi ta tsakaninsu. Yaya ya ce ni zan zauna a gaba in riƙa faɗa masa dama ko hagu. Na so in ce ina tsoro, amma ni yaro ne da ko a aji sai an tambaye ni sau biyu kafin muryata ta fito.

Da muka isa bakin kwarin ranar, ban gane shi ba. Ruwan ja ne, mai kauri kamar kunu, yana tafe da kututturan dabino da buhuna da wata matacciyar akuya. Ƙarar duwatsu na gogar juna a ƙarƙashinsa har cikin haƙorana nake jin ta. Abokin Yaya, Usman, ɗan maƙwabtanmu 'yan Chadi, shi aka bar wa igiyar da muka ɗaura wa jirgin ya riƙe a bakin gaɓa. Ya dube ni ya ce, "Kai malam, ka ga fuskarka kuwa? Kamar an shafa maka toka." Yaya ya ce, "Yalla, maza hau!" Na hau.

Igiyar ta fizge daga hannun Usman tun kafin in gyara zama. Jirgin ya juya, gabansa ya koma baya. Yaya yana ta ƙwala min kira, "Dama ko hagu? Ina baƙin dutsen? Yi magana mana!" Na duba, babu dutse ko ɗaya, ruwa ya shanye su, waɗansu ma ya tafi da su. Na buɗe baki, ba abin da ya fito. Wani kututture ya bangaje mu, ƙyauren ya ɗaga sama, na ji ruwa mai sanyi da yashi sun cika min hanci. Buhun gorunan ya haura ya shaƙe min wuya. Sai na ji an cafki rigata ta baya. Yaya ne, hannunsa ɗaya a jikina, ɗayan ya maƙale a reshen bishiyar ƙayar nan, ruwa yana jan mu yana lanƙwasa masa yatsu. Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Ina dai jin sa a kunnena yana cewa, "Kar ka duba ruwan, dube ni." Daga ƙarshe wani direban tankar ruwa, Bahaushen Sudan, ya ɗaura tiyo a ƙugunsa, mutane suka riƙe ɗaya bakin, ya shigo ya fito da mu ɗaya bayan ɗaya. Yana haki yana faɗa, "Ya walad, ku yaran nan, uwarku ta san kuna nan?"

Umma ba ta dake mu ba. Ta zauna a ƙasa a bakin ƙofa, ta riƙe ƙafata tana kuka, abin da ya fi min duka ciwo. Baba ya kai Yaya asibiti, aka ce yatsunsa biyu sun karye. Da aka tambayi Yaya yadda abin ya faru, bai taɓa cewa na kasa magana ba.

Yau an gyara gefen kwarin, an yi masa hanyar tafiya da fitilu, kuma tun kafin ruwa ya taso saƙon gargaɗi ke shigowa waya. Yaran lungunmu a waya suke kallon masu hawan koguna, da kayan aiki na gaske da mai jagora a bayansu, ba wanda zai yi tunanin ɗinka buhu. Yaya Sani ya koma Kano da iyalinsa, sai in ya zo Umara muke haɗuwa. Idan ya miƙo min hannu, nakan ji yatsun nan biyu da ba su ƙara miƙewa daidai ba. Nakan daɗe ban saki hannun ba.