Hayaƙin Bayan Gidan Dikoy

Sunansa na takarda Rogelio Deocampo, amma in ka shiga unguwar Molo a birnin Iloilo kana neman Rogelio, sai ka yini kana yawo. Eyo mai aski, shi kowa ya sani. Shagonsa kujera biyu ne da madubi ɗaya, da wata fanka da ta fi yin ƙara a kan ba da iska, sai labule mai furanni a can ƙurya. Matarsa Nening, mai sayar da miyar taliya ta batchoy a shagon da ke jikin nasa, takan ce mijinta na ainihi yana bayan labulen nan, wanda ke riƙe da almakashi ɗan aike ne kawai.

Abin ya samo asali tun yana yaro. Mahaifiyarsa kifi take sayarwa a kasuwa, kuma daura da teburinta akwai mai ba da hayar komiks, mujallun labaran zane, da yake ratayewa a igiya kamar shanya. A ƙarƙashin igiyar nan Eyo ya koyi karatu, ba a aji ba. Duk cikinsu ba wanda ya shiga ransa kamar Dikoy, wani manomi mai dogon wuya da malafa, da baunarsa ta noma Kondesa wadda ta fi shi hankali nesa ba kusa ba. Kowane labari a gaban gidan Dikoy yake farawa, gidan gora a kan dirkoki, da wani siririn hayaƙi yana tashi daga bayansa.

Eyo ya girma, ya yi aure, ya aske kawunan rabin Molo. Furfura ta fara masa sallama lokacin da ƙanin Nening ya rufe shagonsa na wasannin kwamfuta, ya kawo tsohuwar kwamfuta ɗaya ya ce a ajiye masa, aka sa ta a bayan labulen. Har yau bai dawo ɗauka ba, kuma ko ya dawo ba zai samu ba. A cikinta Eyo ya tarar da wata manhaja da ake ɗebo sojoji da dawakai da itatuwan wasanni, a jera su yadda aka ga dama, a lanƙwasa musu hannu da ƙafa, a haska fitila, a ɗauki hoto. Ya shiga zauren masu irin wannan aiki a intanet, ya ga kowa na gina zane-zanen ƙasashen waje da ya kalla yana yaro. Shi kuwa ya ce Dikoy zai tayar.

To, ina za ka samu manomin Iloilo a cikin wasan yaƙi? Soja ya kamo, ya ƙwace masa bindiga, ya ja wuyansa har ya yi tsawo, ya kumbura masa hanci. Kondesa dokin yaƙi ce da aka danne ta yi gajere, aka shafe ta da toka, aka kafa mata ayaba biyu a ka a matsayin ƙaho. Hayaƙin kuwa na gurneti ne, ya rage masa ƙarfi har ya koma na murhu. Kuma ya bi ƙa'idar da duk masu wannan aiki suke bi, wato abin da kyamara ba ta gani ba a gina shi, don tsohuwar kwamfutar nishi take yi in an cika mata kaya. Da ya sa hoton a zaure, wani tsoho ya rubuto daga can birnin Davao cewa ya yi kuka a gaban jikokinsa. Ranar Eyo ya aske mutum uku yana waƙa, na huɗun ya roƙe shi ya yi shiru.

Mutum ɗaya ne bai ga hoton ba, kuma shi ne wanda Eyo ya fi so ya gani. Crispin Jaleco, wanda ya zana Dikoy da hannunsa, yana nan da ransa a Molo, ya haura tamanin, kuma a kujerar Eyo yake aski duk farkon wata. Shekarar da guguwa ta kawo babbar ambaliya, ruwa ya shiga gidansa ya cinye akwatunan zanensa kaf. Tun daga nan bai sake taɓa fensir ba. Duk wanda ya ambaci Dikoy sai ya ce, "Ya nutse, a bar shi ya huta." Mai gidan burodin kusurwa ya taɓa matsa masa da maganar, tsohon ya daina sayen burodinsa, yanzu titi biyu yake tsallakawa ya sayo na wani. Eyo yana son tsohon nan kamar uba, Tay ma yake ce masa, wato baba, kuma yana tsoron kada shi ma a tsallake shi. Shi ya sa duk ranar askin, labule yake fara ja.

"Kai dai matsoraci ne," in ji Nening. "Ka iya sa wa mutum reza a maƙogwaro, amma ka kasa nuna masa hoto."

"Ba ki san Tay Crispin ba."

"Ni da nake zuba masa miya? Bakinsa ne kawai da zafi."

Ran wata Asabar da hantsi tsohon yana kan kujera, an ɗaura masa mayafi a wuya, Eyo na lallaɓa 'yan gashin da suka rage, sai ga Nening da kwanon batchoy yana tururi. Ta ce bari ta ajiye a ciki kada gashi ya faɗa. Ta kama labulen ta yaye shi har ƙarshe, ta fice abinta ba ta ko waiwaya ba. Eyo ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. A cikin madubi, daidai saman kafaɗar tsohon, ga Dikoy a fuskar kwamfutar ya ɗaga malafa, ga Kondesa tana harararsa.

Tay Crispin bai juya ba. Ya daɗe yana kallon madubin.

"Toto," ya ce, don har yanzu yaro yake ɗaukar Eyo, "wa ya ba ka izini?"

"Ba kowa, Tay."

"Wuyan ya yi gajere."

Ya miƙe da mayafin a wuyansa, rabin kai a aske, ya ja ƙafa zuwa ƙurya ya zauna. Ya tambayi abin da ake riƙewa, Eyo ya ɗora masa hannu a kan linzamin kwamfutar. Hannun tsoho da rawa, bai san ya danna ba, sai kyamara ta zame ta zagaya baya.

Wayyo, asiri ya tonu. Gidan Dikoy bango ɗaya ne tsaye, ba ɗaki ba rufi. Dikoy ta baya soja ne sak, har da jakar harsashi, hannun da ya ɗaga malafa ya karye gida uku don ya yi kyau ta gaba. Kondesa ta baya doki ce da sirdinta, ƙafafunta ba su ma taɓa ƙasa ba, ga tambarin kasuwa manne a jikin ayabar. Eyo ya rufe fuska da tawul.

Sai ya ji wani sauti kamar tari. Ya leƙo da sauri, ashe dariya ce. Tsohon yana dukan gwiwa, hawaye na zuba, har Nening ta shigo a guje da ludayi a hannu.

"Ayaba!" yake cewa, yana yafuto Nening. "Inday, 'yata, zo ki ga ƙahon Kondesa! Wannan mijin naki maƙaryaci ne irina. Ni ma ban taɓa zana ƙeyar Dikoy ba, ban san yadda take ba!"

Da dariyar ta lafa, ya matso da fuska jikin gilashin. Ya sa yatsa a kan hayaƙin, ya bi shi ƙasa a hankali har inda ya fito, inda ba komai sai fili.

"Nan fa? Wa ke dafa abincin?"

"Ba kowa, Tay. Ai ba a taɓa nunawa ba."

"Duk shekarun da ka yi kana karantawa, ba ka taɓa tambayar kanka wa ya hura wutar ba?" Muryarsa ta sauka. "Nanay ce, mahaifiyata. Ranar da na fara aiki a mujallar ta ce in na kuskura na sa fuskarta a takardar da za a naɗe busasshen kifi, sai ta karya min hannu. Sai na ɓoye ta a bayan gida. Duk mako tana nan tana girki, ita da ni kaɗai muka sani."

Nening ta goge ido da bayan hannu, ta ce tururin miya ne.

"Cikin sojojin nan naka akwai tsohuwa?" in ji tsohon.

Eyo ya yi ta bincike, gumi na keto masa. "Akwai ɗaya, Tay, amma mayya ce. Daga wani wasan dodanni."

"Kawo ta. Nanay ma ba ta da sauƙi."

Eyo ya jawo mayyar, ya cire mata doguwar hular, ya durƙusar da ita a gindin hayaƙin, ya sa mata tukunya a gaba. Tsohon ya karkata kai dama, ya karkata hagu, ya ja tsaki.

"Zaman ya yi, haka take zama. Amma wannan hancin, Toto, in ta gan shi daga inda take, mu biyu za ta karya wa hannu." Ya waiga yana lalube a kan teburin. "Ba haka yake ba. Gajere ne, ya ɗan ɗaga sama, kuma idonta na hagu... kai, ba za ka gane da baki ba."

Ya fizgo takardar da ake naɗa wa masu zuwa aski a wuya, ya shimfiɗa ta a gwiwarsa, ya miƙa hannu ba tare da ya kalli kowa ba.

"Ba ni fensir."

Nening ce ta zaro na bayan kunnenta. Wani mai son aski ya leƙo ƙofa, ta kore shi da ludayi, ta ce a dawo gobe. Eyo ya tsaya a bayan tsohon da almakashi a hannu. Hannun tsohon ya yi rawa a layin farko, ya yi rawa a na biyu, a na uku ya daina.