Tsimin da Na Haɗa wa Farin Ƙuda

Ko da tsufa zai kwashe mini komai, ranar da mai unguwa da liman suka zo kama ni da laifin haɗa giya ba za ta fita daga raina ba.

A lokacin nan ne aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu, kowa na taka-tsantsan, ga kuma tsadar kaya, maganin feshi ya fi ƙarfin irinmu. Ni kuwa na kafa wata rumfa a bayan gidanmu a Masanawa, na lulluɓe ta da farar leda ruf, ina renon irin tumatir a ciki don noman rani. Abincin gidanmu na shekara yana cikin rumfar nan. Mutane dai tun farko ba su gane mata ba, wai ɗaki babu taga, mutum ya shiga ya fito sharkaf da gumi.

Sai farin ƙuda ya shigo, waɗannan ƙananan ƙwari da ke liƙewa a bayan ganye har ya nannaɗe. Hankalina ya tashi. Inna ce ta lura cewa lungun da ɗoɗɗoya ta tsiro babu ƙwaro ko ɗaya, ta ce ƙamshinta ne ba sa so. Nan take na dasa ta tsakanin layuka, na kuma daka tafarnuwa da ganyen darbejiya da ita ɗoɗɗoyar, na jiƙa a randa, na rufe don ya tsimu.

Bakina ne ya ja mini, don a wancan lokacin ban iya yin abu in yi shiru ba. A majalisa bayan la'asar na miƙe ƙafa na ce tsimina ya kusa nuna, duk wanda ya shaƙe shi sai ya yi tangaɗi. Ƙwari nake nufi. Ban lura da yadda aka kalli juna ba.

Washegari da hantsi sai ga sallama. Mai unguwa ne da liman, fuska ba walwala. Bayan doguwar gaisuwa, mai unguwa ya ce labari ya kai musu, kuma saboda mutuncin mahaifina ba za a kai maganar gaban alƙali a Kabo ba, amma yanzun nan za a kifar da randar. Ba kunyar ce ta fi damuna ba, na san in aka zubar, kafin wani ya tsimu irin ya mutu.

Na ce, "Allah gafarta Malam, kafin a zubar, a daure a shinshina."

Liman ya yi bismilla, ya ɗaga murfin, ya sunkuya. Bawan Allah sai da ya ja da baya taku uku yana tari, idanunsa na zubar da ruwa, ya toshe hanci da gefen rawani. Da ya samu numfashi ya ce, "Mai unguwa, wanda duk ya iya shan wannan, ba hukunci yake buƙata ba, magani yake buƙata."

Inna da ke laɓe a bakin zaure ta kasa riƙe dariya. Na shigar da su rumfar, na juya musu bayan ganye suka ga ƙwarin. Mai unguwa dai bai saki jiki duka ba, ya ce ya ba ni kwana uku, zai dawo ya gani da idonsa.

Na tace, na yayyafa safe da yamma. Ba zan ce ƙwarin sun ƙare ƙaf ba, amma sun ragu sosai, sabon toho ya fito a miƙe. A rana ta uku ya dawo shi kaɗai. Ya daɗe yana juya ganye, sannan ya waiga ya ga babu kowa, ya zaro galan daga cikin babbar rigarsa.

"Barkonona ma ya nannaɗe," in ji shi a hankali. "Ɗan zuba mini tsimin nan, amma kada ka faɗa a majalisa."

Ban faɗa ba sai yau. Tun daga ranar na koyi in riƙa ƙarasa magana in na fara ta, kuma kafin in tafi shago neman magani, in fara tambayar Inna abin da ta gani a bayan gida.