Kazar da na ci don in kunyata direba

Assalamu alaikum jama'a. Wata uku ke nan ban ce uffan a wannan dandalin ba, har wasu sun fara tambayar iyalina ko an yi bakwai. Ban mutu ba. Sale mai gashi na bakin iyakar Jibiya yana nan, sai dai wandona ya yi mini yawa.

Ni na ja wa kaina. Ranar wata kasuwa na makara, na zaro kaji daga firiza ƙanƙara ba ta gama sakinsu ba, na ɗora a wuta. Waje ya yi ja gwanin sha'awa. Wani direban babbar mota ɗan Maraɗi ya sayi ɗaya, ya dawo da ita wai akwai jini a jikin ƙashi. A gaban mutane. Na ce masa shekara ashirin ina gashi da banda, da ɗan yatsa nake sanin nama ya nuna. Na karɓe kazar na cinye tas ina kallonsa, har ƙashin na tsotse.

Abin haushin, babbar 'yata Nana da ke karatun lafiya a Katsina ta taɓa sayo mini wani tsinken ƙarfe mai auna zafin cikin nama. Ba igiya a jikinsa, sai ya aiko da lamba cikin wayar hannu. Ni da na tsaya a aji huɗu, na ce mata tsinke ba zai koya mini sana'ar ubana ba. Da shi na riƙa tone garwashi har kansa ya narke.

Kwana biyu da cin kazar ciki ya murɗa. Zawo, amai, zazzaɓi. Na sha jiƙo, na sha ƙwayar kemis, na ce basir ne. A rana ta huɗu fitsari ya ɗauke, na faɗi a bayan gida, matata Hinde ta kira maƙwabta suka ɗauko ni ba mutunci.

Asibitin garinmu suka sa mini ruwa leda uku, suka ce a wuce Katsina. Can aka ɗebi jini, aka karɓi bayan gida a 'yar roba, aka sa mini robar fitsari. Wannan ba zan yi bayaninta ba, maza sun gane.

Likitar yarinya ce sa'ar Nana. Ta ce ruwan jikina ya ƙare har ƙoda ta taɓu, in ba ta farfaɗo cikin kwana uku ba sai wankin ƙoda. Na yi dariya don Hinde na kallona. Da ta fita na yi kuka. Kwana uku ina kallon ledar fitsari kamar mai jiran albashi.

Babur ɗina ya tafi a kan magani da gwaje-gwaje. Firizar ma ta bi shi, ita kam ban yi kewarta ba.

Yanzu ga abin da ya sa na yi wannan dogon rubutu.

Ba ni kaɗai na kwanta ba. Mutum biyu da suka ci kajin ranar su ma sun sha wuya. Da abokan sana'a suka zo dubiya suka tambayi mene ne sila, sai bakina ya ce yaji ne. Yajin Talatu.

Talatu 'yar ƙauyen Kusa ce, Kirista, mijinta ya rasu ya bar mata yara huɗu. Shekara goma sha ɗaya ita ke daka mana yajin ƙuli, mu masu gashin tasha duka. Kafin a sallame ni magana ta zagaye. Wasu suka ƙara mata gishiri, suka shigo da addininta ciki, suka faɗi abin da ni ban faɗa ba. Amma ni na buɗe ƙofar. Kowa ya daina sayen yajinta.

Na tambayi likita a ɓoye ko yaji na iya yin haka. Ta ce, "Baba, kai da bakinka ka ce kazar da jini a ƙashi. Me ya kawo yaji?"

Talatu ta zo asibiti, kuɗin mota daga aljihunta, da kunun tsamiya a fulas. Ba ta zauna ba. Ta gaida Hinde, ta dube ni ta ce, "Malam Sale, shekara nawa 'ya'yanka na cin yajina?" Na rufe ido kamar barci ya ɗauke ni.

Kwana goma sha shida na yi, ƙoda ta dawo aiki. Na gode wa Allah, na gode wa likitoci da nas-nas, da Hinde da ta wanke abin da ba ya faɗuwa, da Nana da har yau ba ta ce "ai na gaya maka" ba, ko da yake idonta na faɗa.

'Yan'uwana masu gashi da banda, ku nemi tsinken nan. Nana ta zaɓo mini sabo, ga abin da ta duba: ya zama mai jure zafin garwashi, dogo da zai kai tsakiyar tsoka, cajinsa ya wuce awannin banda, kuma lambar ta iso waya ko kana can kana ciniki. A soka shi inda nama ya fi kauri, kada ya taɓa ƙashi. Kaza sai zafin cikinta ya kai digiri saba'in da huɗu a ma'aunin Celsius. Kada ku gasa mai ƙanƙara. In zawo ya wuce kwana ɗaya ko fitsari ya ragu, a tafi asibiti, a bar jiƙo.

Na san rubutun nan bai wanke ni ba. Talatu ba ta da babbar waya, masu gashin tasha kuma ba karatu suke yi ba. A bainar jama'a na ɓata mata suna, a bainar jama'a zan tsaya in ce ƙarya na yi.

Kasuwa biyu ta ci tun da na dawo bakin sana'a. Duka biyun ta bayan tasha na kewaya, don kada in bi ta gaban tirenta. Hinde ta ce yajin Talatu na nan a kan tiren a ƙulle cikin leda, ko ɗaya bai ragu ba.

Jibi kasuwa.