Kakin Da Ya Riga Ni Sallama

Cikin duk fitar da na yi a wannan aiki, wadda ta ƙi barin zuciyata ita ce ta wata Asabar bayan Babbar Sallah, ranar da na ga dattijon da nake kira Baba yana guduna.

Ga waɗanda ba su san mu ba, mu ƙungiyar sa-kai ce ta farar hula da ke taimaka wa sojan sama a nan ƙasar Turawa da muke zaune. Muna da kaki da muƙamai irin nasu, amma ba mu da bindiga, ba mu kama kowa. Ni injiniya ne a ranakun aiki, Laftanar ne a ƙarshen mako. Shugabar tawagarmu, Kyaftin Doris, tsohuwar malamar makaranta ce.

Kowane ƙaramin jirgi yana da wata na'ura da ke fara kuka idan ya faɗi. Da hantsin ranar matuƙa jirage suka ba da rahoton jin kukan a wajen garin Clinton. Ƙa'ida ita ce a ɗauka akwai rai a cikin hatsari har sai an tabbatar babu. Jirginmu ya tashi ya taƙaita mana wurin da za mu bincika, mu kuma muka bi ta ƙasa da abin gano sauti. Ya yi ta jan mu har cikin unguwa, ƙarshe ya tsaya cak a kan wani gida da motoci suka cika ƙofarsa.

Ashe na san gidan. Na Alhaji Mamman ne, mutumin Maraɗi mai sayen kayan gwanjo yana aikawa gida a kwantena. Bikin suna ake yi, ni ma an gayyace ni na ce ina da aiki. Ban taɓa gaya wa mutanenmu irin aikin ba, don na san tsiyar da za su yi mini, sojan Asabar.

Na ce, "Kyaftin, bari in fara shiga, mutanena ne."

Ta ce in je. To amma kafin in kai ƙofar baya ta gidan, wata mata ta leƙo ta ga farar mota mai tambarin hukuma da mutum huɗu cikin kaki. Ta zaci jami'an shige da fice ne, sai kawai na ji ta kwarma ihu, "Imigireshan!"

Wallahi ban taɓa ganin wuri ya watse haka ba. Tiren shinkafa ya kife, kujeru suka zube, manya da babbar riga sai ƙafa me na ci ban ba ki ba. Ina ɗaga hannu ina cewa, "Salamu alaikum! Ni ne Sani!" babu mai saurare.

Can na hango Baba Isaka. Shi ya yi wa 'yata huɗuba, shi ke raba mana gardama in ta taso a masallaci. Muka haɗa ido, na tabbata ya gane ni. Maimakon ya tsaya, sai ya juya ya kama shingen katako ya haye. Ƙarar faɗuwarsa ta ɗaya gefen har yau ina jin ta.

Na same shi kwance, ƙafar ta juya inda ƙafa ba ta juyawa. Na durƙusa na cire hula.

"Baba, ba kamu muka zo ba. Jirgi muke nema."

"Jirgi? A gidan Mamman?"

Jirgin dai babu shi. Na'urar tana garejin Alhaji Mamman, cikin tarkacen da ya saya a gwanjo. Da ake ture kaya don baƙi su sami wuri ne ta faɗi ta kunna kanta. Kyaftin Doris ta kashe ta da yatsa ɗaya, ta sanar da cibiya a rufe bincike, sannan ta zauna a bakin garejin ta dafe kai. Ta ce mini, "Sani, ceto muka zo yi."

Baba ya ƙi yarda a kira motar asibiti. Sai da na shiga ɗaki na ari jallabiyar Alhaji na sauya kayan, sannan ya bari na kai shi a motar mai gida. A hanya na kasa haƙuri.

"Baba, ai ka gan ni. Me ya sa ka gudu?"

Ya ce, "Ɗana, shekara da shekaru ba ni da takardar zama, ban gaya wa kowa ba. Da Turawan kaɗai na gani, da na tsaya, watakila ɓatan kai suka yi. Da na gan ka sai na ce shi ke nan, wanda ya san gida ne ya kawo su."

Na ci gaba da tuƙi. Ban ga laifinsa ba, amma maganar ta soke ni.

Tun daga ranar reshenmu ya sauya tsari. Idan sauti ya kai mu gidan mutane, mota takan tsaya nesa, mutum ɗaya ya je cikin kayan gida ya yi bayani tukuna. Ku sababbin shiga wannan aiki, ku riƙe wannan: an koya mana neman wanda ya faɗo daga sama, ba a koya mana yadda na ƙasa ke ganinmu ba, kuma kaki yakan riga baki magana.

Baba Isaka ya ce ya yafe, har yakan tsokane ni da sojan Asabar. Amma ƙafar ba ta koma daidai ba, a kan kujera yake salla. Duk Juma'a nakan riga shi zuwa masallaci in ajiye masa ita a sahun gaba.