Saƙon da Ya Zo Babu Sallama

Na kama aikin lafiya lokacin da arzikin mai ke tashe, ana ba mu mota da direba mu zaga ƙauyuka da akwatin ƙanƙara. Ina dab da ajiye aiki aka ɗora mini abin da ban taɓa yi ba. Wai a ji ra'ayin ma'aikatan lafiya na Tambuwal da Kebbe kan allurar rigakafin mura mai zafi, kuma ta waya. A tura wa kowa saƙo, ya latsa, tambayoyi su buɗe, ya amsa. Ni aka ce in sa ido.

Wani matashin likita a Sakkwato shi ya tura saƙon. Mako biyu shiru kake ji. Sai ya kira ni.

"Baba, mutanenka ba su amsa ba. In Juma'a ta wuce a haka, dole in rubuta cewa ma'aikatan can ba su damu da rigakafi ba."

Wallahi raina ya ɓaci. Mutanen da na gani da idona suna ratsa fadama, ruwa har ƙugu, akwatin allurar ƙyanda a kai, su ne za a rubuta ba su damu ba? Kuma in an rubuta, shi ke nan, takarda ba ta mantuwa. Duk abin da za a raba nan gaba, tsallake mu za a yi.

Washegari na hau babur sai Kebbe, wurin wata tsohuwar malamar asibiti da ta koya mini riƙon sirinji. Bayan mun gaisa na ce, "Haba Inna, ke ma?"

Ta lalubo wayarta ta miƙo mini. Layi ɗaya ne na Turanci, wai a cike kafin Juma'a, sai wasu shuɗayen baƙaƙe da ake latsawa a ƙasa.

"Wanga ɗan wa na?" in ji ta. "Ba sallama, ba ina kwana, bai hwaɗi wa ya aiko shi ba. Mutum shi hwaɗo maka gida hakanga, kai kana tanka mai?"

Sauran ma'aikatan asibitin kuwa suka ce su sun ɗauka saƙon 'yan damfara ne, wasu ma sun goge shi tuni.

Na koma gida na ɗauko tsohon littafina mai sunayen ma'aikata. Ban yi saƙo ɗaya na kowa da kowa ba. Kowane mutum na naɗa masa muryata shi kaɗai. In yi sallama, in tambayi iyali, in tambayi ruwa da yabanya, mai sabuwar haihuwa in yi masa barka, sannan in ce ni ne, tambayoyin nan da sanina aka aiko su, a taimaka a amsa gaskiya. Wani a Dogon Daji ya yi rashin mahaifi ban je ba. Wannan na san waya ba ta isa, na tafi da ƙafata na yi masa ta'aziyya, ban ko ɗaga maganar aiki ba. Shi da kansa ya ce in nuna masa inda ake latsawa. Kwana uku ina wannan, har muryata ta dishe.

Ranar Alhamis likita ya sake kira. "Baba, me ka yi musu? Amsoshi sai shigowa suke, har daga Jabo da Sanyinna!"

Na ce, "Gaishe su na yi, ɗana."

Da muka taru a Sakkwato duba sakamako, ya nuna cewa kusan duk mutanena ba su taɓa yin allurar ba. Na ga wasu sun fara gyaɗa kai irin na dama mun sani. Na miƙe tsaye na ce a daure a karanta gurbin ƙarshe, inda kowa ya rubuta dalilinsa. Likita ya karanta na farko, ya karanta na biyu, duk bakinsu ɗaya. Na uku ban buƙaci suna ba, na san Inna ce: "Ba mu ƙi ba. Ba a taɓa kawo muna ba."

Ina kallo likita ya goge layin da ya shirya a kanmu, ya rubuta nata.