Inuwa, Ni Na Hana a Duba Hantarka

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Lahadi, sha biyu ga watan Azumin Tsofaffi na shekarar 1446, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran ƙanena Malam Inuwa Sa'idu a gidanmu na Hunkuyi, bayan jinyar ciwon dajin hanta. Shekara goma sha ɗaya na ba shi, amma ga shi ni na zuba masa ƙasa.

Inuwa, masu zuwa gaisuwa sai cewa suke, "Sannu da ɗawainiya, Malam Tukur." Ina amsawa kaina a ƙasa. Ba su san abin da na yi ba, gara su ji daga bakina.

Kai mutum ne mai sauƙin kai. Shekarar da shanun huɗata suka mutu ana tsakiyar damina, sai da ka gama huɗe gonata kafin ka taɓa taka. Duk ranar kasuwar Makarfi kana dawowa da rake, ka zauna ka fere, ka yanka mini ƙanana don ka san haƙorana sun ƙare. Tunda muka tashi ban taɓa faɗa ka musa ba. Wannan biyayya taka ce na cuce ka da ita.

Da cikinka ya fara ciwo, 'yarka Khairiyya, wadda ta karanci aikin gwajin jini, ta kai ka asibiti a Zariya, aka ga kumburi a hanta. Ta dawo ta durƙusa a gabana ta ce, "Baba, likita na son ya ɗebi 'yar tsokar kumburin da allura. Jikin mutum yana da dakarunsa, kuma suna shiga har cikin kumburin. Na wani suna nan suna yaƙi, na wani cutar ta ruɗe su sun koma yi mata gadi. Yana cikin abin da ke sa wani ya daɗe, wani ya tafi da wuri. A duba na babana, a san maganin da zai dace."

Ni kuwa ban yi boko ba, amma tarihin gidanmu a kaina yake, da shi nake taƙama. Na kawo mata labarin kawunmu Gambo, wanda aka tsaga wa ciki tun muna samari, bai yi sati ba. Na ce a gidan nan ƙarfe ba ya taɓa hanta, daji in ya ji ƙarfe bazuwa yake. Na ƙara da cewa, "Ke, dakaru a cikin ciki? Bariki ce hantar ubanki?" Mutanen zaure suka yi dariya. Ta dube ka. Ka ce, "Khairiyya, abin da Yaya ya ce."

Wata bakwai muna jiƙo da ƙaho. Sai da idanunka suka yi ruwan ɗorawa na sauko, muka mayar da kai asibiti. Likita bai yi mini faɗa ba, ya ce kawai, "Baba, yanzu sai dai mu rage masa zafi." Ajali ba ya wuce lokacinsa, na sani, kuma ba wanda ya yi alkawarin za ka tashi. Amma Allah Ya ce a nemi magani, ni na tare ƙofa.

Khairiyya, kina gaishe ni kullum kamar yadda aka koya miki, amma ba ki ƙara ɗaga ido kin dube ni ba. Ba na ganin laifinki. A gaban jama'a na yi miki ba'a, a gaban jama'a nake roƙon ki yafe mini. In ba ki iya ba yanzu, zan jira iya kwanan da ya rage mini.

Allah Ya jiƙanka Inuwa, Ya sa ciwon nan ya zama kaffara, Ya yalwata kabarinka, Ya sa Aljanna ce makoma. Ina yi wa matarka Zulai da 'ya'yanka da dukan dangi na Gubuchi ta'aziyya, Allah Ya ba mu haƙuri. Ni kuma Allah Ya gafarta mini, Ya sa ranar da za mu haɗu in iya haɗa ido da kai. Amin.