Kazar ta taka, Baba bai taka ba

A ƙarshen daminar nan aka cika shekara bakwai da rasuwar mahaifina, Malam Idi na Kahu. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba, addu'a nake masa in yi shiru. Bana dole ta sa, domin ƙanwarsa, Goggo Ladi, yau kwananta tara a kwance a Fammar da karayar ƙugu, kuma da sunansa take ƙin zuwa asibiti.

Santsi ne ya kwashe Baba a wurin alwala, bayan an kwana ana ruwa. Mutumin da yake zuwa kasuwar Kibiya a ƙafa ya dawo a ƙafa, ranar a tabarma muka ɗauke shi. Daga asibitin Rano aka tura mu Kano. Likita ya ɗaga hoton ƙashin ya nuna mana karayar, can cikin gaɓar ƙugu. Ya ce za a yi aiki a sa ƙarfe da kusoshi su riƙe ƙashin, in aka yi da wuri zai taka ko da sanda.

Baba ya ce, "Yadda Allah ya kawo ni haka zan koma masa. Ba za a binne ni da ƙarfe ba."

Ni ne babba, ni ne ɗan boko, ni ake jira in sa hannu. Amma a gidanmu ba a mayar wa Malam magana. Na ninke takardar na sa a aljihu, muka juyo gida.

Aka kira mai ɗori. Ba na zaginsa, ya ɗora karaya da yawa a garinmu sun warke. Ya sa aka kawo kaza, ya karya mata ƙafa, ya ɗaure da kara, ya ce ranar da ta taka Malam zai taka. Sai gida kaf ya koma gadin kaza. Manya da gemunmu, mu tsuguna muna leƙen ko ta dafa ƙasa. Cikin mako uku ta miƙe tana tonon shara, mata har da guɗa. Babu wanda ya tambaya a ina ake ɗaura kara a ƙashin da hannu ba ya kaiwa.

Wata huɗu Baba ya yi a kwance. Bayansa ya yi gyambo, tari ya kama masa ƙirji. Abin da ya fi cin ransa shi ne 'ya'yansa ke juya shi, su ke yi masa tsarki. Wata rana bayan la'asar ina gyara masa kwanciya, ya riƙe mini hannu. Kunyar ɗan fari ba ta taɓa barinsa ya kira sunana ba, sai ranar.

"Sani, ƙarfen nan, har yanzu za su sa?"

Na koma Kano da sauri. Aka ce a halin da na faɗa, jikinsa ba zai ɗauki aiki ba. Na dawo na ce masa sai ya ƙara ƙarfi. Ya kalle ni kawai, ya san ƙarya nake. A zaman makoki kowa yana yabon tawakkalinsa, wai ya ƙi ƙarfe har ƙarshe. Na riƙa gyaɗa kai, don kada in rage masa daraja.

Da Baba zai ga yau, zai ga abokinsa na Rurum da aka sa wa ƙarfen yana zuwa masallaci da ƙafarsa. Zai ji malamai 'yan uwansa, da na bi ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya ce mini ƙarfe na hana mamaci kwanciyar kabari. Na san shi, in ya gane ya yi kuskure a karatu, a gaban kowa yake gyarawa.

Jiya na je Fammar. Tun daga zaure na hango kaza ɗaure da kara. Na ce, "Goggo, ke da haƙorin Makka a baki, shi ba ƙarfe ba ne?" Ta yi murmushi cikin ciwo, ta ce, "Ɗan nan, ka fi Yaya sani ne?" Na fito ban faɗa mata abin da Baba ya tambaye ni ba.

Tsoro nake ji, wallahi. Likitan da na tambaya ya ce kowace rana da ta wuce ana rage wa Goggo dama. Baba ya bar ɗalibai, ya bar gona, ya bar suna mai kyau, amma maganarsa da mutane suka fi riƙewa ita ce wadda ya janye da bakinsa. Allah ya jiƙansa, ni kuma ya yafe mini shirun shekara bakwai.

'Ya'yan Goggo suna karanta jaridar nan. Ku karanta mata da ƙarfi, gobe da safe ina zuwa da mota. Goggo, Yayanki ya nemi ƙarfen nan. Ni na ji da kunnena, ni na ɓoye.